Jita a Situdiyo: A Kafa wa Amfilifaya Makirufo, Ko a Sayi Na'urar Kwaikwayo?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu in sun karanta da idonsu.

Shirin yau wani saƙon murya ne ya jawo shi. Wani ƙanena ne ya turo, ba ƙanen jini ba, ƙanen sana'a, daga wajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa. Ya kai shekara 3 yana koyon jita, kuma ba yabon kai ba, hannunsa ya faɗa. Bana ya yi noman masara, Allah ya sa albarka, ya sayar da rabonsa ya ware wani abu. Sai ya ce da ni: "Yaya, kuɗin nan abu ɗaya za su iya saya. In sayi amfilifaya da makirufo, ko in sayi fedar nan mai kwaikwayon amfilifaya? In na yi kuskure fa sai wata kakar." Kun ji. Sai wata kakar. Shi ya sa ban ba shi amsa a tsaye ba, na ce bari in zauna in warware maganar a shiri, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Ni dai kun san ni, ɗan ƙaramin situdiyo gare ni ba nisa da Kwanar Dangora, kuma yawancin aikina na fiyano ne da kwamfuta: waƙar biki, waƙar siyasa in lokacinta ya zo, tallar shago. Gaskiya jita ba ta yi yawa a kiɗan Hausa na zamani ba. Tun da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano ya mamaye waƙoƙin fim, mutum ɗaya ke kaɗa ganga da sarewa da goge duk da yatsunsa. Amma jitar tana nan. Tana hannun makaɗan majami'u a ƙauyukan Tudun Wada da Kiru da Doguwa da Bebeji, tana kuma hannun samarin da suka ga makaɗan Agadas a TikTok da YouTube suka ce su ma sai sun iya.

Kuma kada wani ya ɗauka abin ya yi mana nisa. Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan mai kaɗa jita da hannun hagu wanda yanzu yake zagaya Amurka da Turai, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da muka sani a waƙoƙin fim ɗinmu. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu, ta bulutut da katin memori, har ɗaya daga ciki ta shiga wani faifai da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin mutanen Sahara. Mutumin da jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. To situdiyo irin namu ne ya fara buɗe masa ƙofa.

Yanzu mu shiga maganar. Sai mun fara gane daga ina sautin jitar lantarki yake fitowa, in ba haka ba duk musun da za mu yi na banza ne.

Ka ɗauki jitar lantarki ka kaɗa ba tare da ka jona ta ba, da ƙyar na kusa da kai zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla, nadi dubbai. In tsirkiya ta girgiza, sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin wayar nan. Wannan wutar ita ke bin kebul ta shiga amfilifaya. Amfilifaya kuma ba ƙara kawai take ƙarawa ba, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Tana sauya kamannin sautin. In ka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta fara danne kan sautin, ya fito da wata 'yar gurnani mai daɗi. Tsofaffin amfilifayoyi masu kwalaben gilashi a ciki, irin na rediyon kakanninmu da sai ya yi zafi yake magana, su ne suka yi suna da wannan: ka taɓa a hankali sauti ya fito garau, ka doka da ƙarfi ya yi gurnani, duk ba ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Fender a Amurka, Marshall da Vox a Ingila, a kan wannan suka gina sunansu.

Daga nan sai sifika. Ita ma sifikar jita ba irin ta DJ ba ce. Yawanci inci 12 ce, kuma da gangan ba ta fitar da sauti mai tsini sosai, da an wuce girgiza wajen 5,000 a sakan sai ta fara yin ƙasa. Wannan gazawar tata ita ce amfaninta, don ita ke tace ƙaiƙayin da ke cikin gurnanin. Shi ya sa in ka jona fedar gurnani kai tsaye cikin miksa ba tare da sifikar jita ko mai kwaikwayonta ba, za ka ji abu kamar an taɓo gidan zuma. Na sha jin waƙoƙi irin wannan, mai su yana ta zargin jitarsa, alhali ba laifinta ba ne.

Sai na ƙarshe: makirufo da ɗaki. Tsohuwar hanya, wadda aka naɗi yawancin shahararrun faifan jita na duniya da ita, ita ce ka kunna amfilifaya, ka kafa mata makirufo a baki, ka naɗa. Makirufon da ya fi suna a wannan aikin shi ne Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, kuma sabonsa wajen dala 100 ne. Ku yi hattara dai, jabunsa ya cika kasuwa. In ka saita shi daidai tsakiyar sifika sauti zai fito da tsini, in ka matsa gefe da faɗin yatsa biyu ko uku sai ya yi laushi. Ka manna shi jikin ragar sifikar ƙasan sautin ya yi kauri, ka ja shi baya ɗakin ya shigo ciki.

To a nan ne fa gizo ke saƙa. Ɗakin ya shigo ciki. Wane ɗaki?

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni a wata damina. Wasu samari suka zo daga wajen Tudun Wada da jita da amfilifayarsu, sun biya kuɗin mota, sun biya nawa. Muka kafa makirufo, muka ɓata kusan awa guda muna neman inda sautin ya fi zama. Mun fara ɗauka kenan tirela ta taho ta kan titin Kano zuwa Zariya, ƙasa na rawa. Muka sake. Mai markaɗe na bayan layi ya tada inji. Muka jira shi. Aka kira sallah, muka tashi. Muka dawo, yaron ya yi wani kiɗa da har yau nake tunawa, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan rufin kwano. Ranar ko waƙa ɗaya ba mu gama ba. Kuɗinsu na mayar musu da rabi, kunya kuma ta ishe ni. Kuma ku tuna, ɓangarenmu na kudu, musamman Doguwa, ya fi sauran jihar Kano samun ruwa. Mai ɗakin kwano a Riruwai, makirufonsa hutu yake a watan Agusta.

Ko babu ruwa, ɗakin siminti mai kusurwa huɗu da tayil a ƙasa yana mayar da sauti kamar kana cikin tanki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, don Allah mu daina yaudarar kanmu, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Abin da zai ba ku mamaki, mafi daɗin sautin da na taɓa ɗauka da makirufo a ɗakin ƙasa na ɗauke shi, mai rufin azara, a gidan wani kawuna a ƙauyen Bebeji. Katangar tana da kauri, ba ta da santsi, ga buhunan hatsi jibge a gefe suna shanye amsa-kuwwa. Wato ɗakin da muke rainawa ya fi wanda muka kashe wa kuɗin fenti.

Akwai kuma maganar ƙara. Amfilifaya mai kwalabe ba ta nuna halinta sai an buɗe ta. Kada lambar wat ta ruɗe ku: mai wat 100 a kunne kusan ninki biyu kawai ta fi mai wat 10 ƙara, don sai ka ninka ƙarfi sau 10 kunne ke jin kamar an ninka sau 2. Ma'ana 'yar mai wat 15 ma ta isa ta haɗa ka da maƙwabta. Lokacin da gari ya yi tsit, ƙarfe ɗayan dare, shi ne lokacin da ba ka isa ka buɗe ta ba.

Wannan matsalar ba mu kaɗai ta dama ba, ita ce ta haifi na'urar kwaikwayo. Abin da na'urar ke yi shi ne, tana karɓar 'yar wutar nan da ke fitowa daga jita, ta mayar da ita lambobi sau dubbai a kowane sakan, sai ta yi lissafin abin da amfilifaya da sifika da makirufo za su yi wa sautin da a ce ya bi ta cikinsu, ta fito maka da sakamakon. Babu iskar da ta motsa, babu ɗaki, babu tirela. Kamfanin Line 6 na Amurka ne ya fara yayata abin, da wata jar na'ura mai siffar ƙwayar wake da ake kira POD a 1998. A 2002 kamfanin IK Multimedia na Italiya ya fito da manhajar AmpliTube, a 2004 Guitar Rig ta fito daga Jamus. Na farkon nan gaskiya kunne na ganewa, sautin kamar an naɗe shi a leda. Amma a 2006 Axe-Fx ta fito, daga nan manyan makaɗa suka fara waiwayowa. Ƙungiyar Metallica ta Amurka, da ta yi wasa a yankin ƙanƙara na Antatika a Disambar 2013, 'yan kallo ta hedifon suka saurara don kada a dami halittun wurin, kuma tun daga wajen lokacin suka koma amfani da Axe-Fx a dandamali. Mutanen da ke da kuɗin cika tirela da amfilifaya kenan.

A 2011 wani Bajamushe, Christoph Kemper, ya zo da wata dabarar daban. Maimakon a yi lissafin kayan cikin amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, na'urarsa tana tura wasu sautuka na gwaji cikin amfilifayar gaske, ta saurari abin da ya fito ta makirufo, ta kwafi halinta. Kamar ɗaukar hoto, amma na sauti. Daga baya kamfanin Neural DSP na ƙasar Finlan ya fito da Quad Cortex mai yin irin wannan da ƙirƙirarriyar basira. Waɗannan manyan duk sun haura dala 1,000, wasu sun wuce 1,500, ku buga da canjin yau ku ga buhun masara nawa ne. Ba su nake nufin ƙanena ya saya ba. Akwai ƙanana irin Zoom G1X Four da ke aiki da batir 4 irin na tocila ƙarama ko da fawa bank. Akwai kuma manhajar Neural Amp Modeler da wani mai suna Steven Atkinson ya rubuta ya sake ta kyauta, ba sata ba, ba fasawa ba, kyauta ce halal.

Na san abin da wasu za su ce: "Na gwada, ba ta da daɗi kamar amfilifaya." Na yarda ka ji bambanci, amma me ka kwatanta da me? In kana tsaye gaban amfilifaya, iska na dukan ƙirjinka da ƙafafunka, sauti na dawowa daga bango ta ko'ina. Ita kuwa na'urar kwaikwayo ba wannan take ba ka ba. Tana ba ka abin da makirufo zai ji in an manna shi a bakin sifika, wato sautin da ya riga ya shiga faifai. In kana son adalci, naɗi amfilifayarka da makirufo, ka naɗi na'urar, ka saurari duka biyun ta hedifon ɗaya, ƙara ɗaya. Na yi wa abokai wannan gwajin a situdiyona ba sau ɗaya ba, in rufe fuskar kwamfuta in ce su nuna ta gaske. Wanda ya fi kowa cika baki shi ya fi kowa faɗuwa.

Ƙorafi na biyu shi ne jinkiri, kuma wannan gaskiya ne, ba ƙage ba. Lissafi na cin lokaci. Fedar kwaikwayo mai kyau jinkirinta 'yan kaso ne cikin dubu na sakan, abin da ake kira milisakan. Don ku gane girmansa: sauti na tafiyar mita 343 a sakan, saboda haka in ka tsaya mita 3 daga amfilifayarka, ka riga ka sha jinkirin milisakan 9 kuma ba ka taɓa kuka ba. Inda matsala take shi ne kwamfuta. A FL Studio ko Cubase akwai lambar bafa. In ta kai 512, shiga kawai ya haura milisakan 11, ka haɗa da fita ka wuce 20. Nan hannu zai fara jin kamar yana tafiya cikin taɓo, ka doka yanzu ka ji anjima. Ka sauke ta zuwa 128, in laftof ɗinka ta ɗauka. In ta fara tsatsa da ƙaraf-ƙaraf, to ta gaji, sai ka rufe sauran manhajojin har ka gama ɗauka. Sannan ka duba saun-kad ɗinka: akwai ramin da aka yi musamman don jita, ko maɓallin da aka rubuta Hi-Z ko Inst a jikinsa. In ka jona jita a ramin fiyano, sautin zai dushe tun kafin ya isa manhaja, kuma babu gyaran da zai dawo da shi.

Yanzu maganar da Turawan YouTube ba za su taɓa yi muku ba: wuta. Muna maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, amma kowa a nan ya san da janareta da sola ake sana'a. Amfilifaya mai kwalabe tana son tsayayyiyar wuta. In wuta ta yi ƙasa sautinta ya canza, abin da ka ɗauka da safe ba zai yi daidai da na yamma ba. In ta yi sama kuma, Allah ya kiyaye. Sannan wutarmu ta Najeriya volt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke. Na taɓa sayen wata 'yar amfilifaya a hannun wani mai kayan gwanjo a Kano, murna ta hana ni duba bayanta, na zo na soka a soket. Ƙara ɗaya ta yi, sai ƙauri. Ko kiɗa ɗaya ban ji daga bakinta ba. Ku duba rubutun baya kafin ku biya, in 120 ce sai da taransifoma mai sauke wuta. Kuma don girman Allah kada wanda bai iya ba ya buɗe cikin mai kwalabe, akwai ɗaruruwan volt da ke maƙalewa a ciki ko bayan an zare ta daga wuta. Tana kisa.

Ita ƙaramar fedar kwaikwayo ba ruwanta da duk wannan. Fawa bank, laftof mai caji, hedifon, shi kenan, ka yi aiki cikin dare ba janareta. Kuma rashin janaretan kansa riba ne, don maganaɗisun jita yana jan ƙugin wuta, musamman jita mai siraran maganaɗisu irin Stratocaster da 'ya'yanta na China da suka fi yawa a hannunmu. Inbata mai arha, cajar laftof, fitilar sola, duk suna shiga. In ka ji "zzzz" a ƙarƙashin kiɗanka, fara da zare cajar laftof, sannan ka juya jikinka a hankali da jitar a hannu har ka sami fuskar da ƙugin ya ragu, ka zauna a haka.

To kada ku ce na zama ɗan tallar na'ura. Akwai inda amfilifaya ta yi mata nisa, kuma ba ƙaramin wuri ba ne.

Na farko gyara. Amfilifaya mai taransisto in ta lalace, mai gyaran rediyo a Tudun Wada ko Kafin Maiyaki zai buɗe ta ya canza abin da ya ƙone. Ƙurar hunturu in ta shiga maɓallanta suna ƙaraf-ƙaraf, a fesa mata mai a wuce wurin. Fedar kwaikwayo kuwa in allonta ya mutu, yawanci ta zama abin danne takarda. Kuma tana tsufa irin tsufan waya, sabuwa na fitowa darajar taka ta faɗi, alhali Roland JC-120 da ta fito tun 1975 har yau ana ƙera ta ana sayenta.

Na biyu ya fi wannan zurfi. In sifika na kaɗawa a ɗaki ɗaya da jita, iskar da take turowa tana komawa ta girgiza tsirkiya, sai sauti ya daɗe yana rera kansa, makaɗi kuma yana jin abin a jikinsa yana mayar da martani. Da hedifon ba ka samun wannan. Na ga yaran da in ka sa musu hedifon sai su daskare kamar masu rubuta jarrabawa, in ka kunna musu amfilifaya sai su zama wasu mutane. Ku nemi faifan Etran de L'Aïr, makaɗan bikin nan na Agadas, mai suna No. 1 wanda ya fito a 2018. A waje aka ɗauke shi, kana jin jama'a da guɗa a ciki, kayan kuma ba masu tsada ba. In ka tsabtace wannan faifan ka kashe shi. Abin da na kira matsala ɗazu, wato wuri ya shigo cikin sauti, a can shi ne dukiyar.

Wannan ya kawo ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk na'urorin nan, amfilifayoyin Amurka da Ingila suke kwaikwaya, kuma sautukan da aka zuba musu daga kamfani an yi su ne don a burge mai saye a shago: amsa-kuwwa har wuya, gurnani har ka. Yaro ya kunna lamba 1, ya ji kamar yana filin wasa a Landan, shi kenan ba zai sake taɓa komai ba. Sai ka ji na Kiru da na Legas da na Indiya duk murya ɗaya. In ka sayi feda, aikin farko shi ne ka kashe komai, ka bar amfilifaya ɗaya da sifika ɗaya, ka rage gurnani zuwa rabin abin da ranka ke so. Ka tuna a ina za a ji waƙar: a sifikar waya, a 'yar MP ta mai shayi, bayan WhatsApp ya matse ta. Tsirkiya mafi kauri a jita tana girgiza sau 82 a sakan, sifikar waya ba ta ma san da wannan ba. Tsakiyar sauti ce ke tsira. Ni kafin in sallami kowace waƙa sai na tura ta a tsohuwar wayata na fita tsakar gida na saurara.

Af, kafin in manta, masu tambaya a kan garaya da gurmi da kukuma: waɗannan ba su da maganaɗisu, sautinsu daga ƙwarya ko itace da fata yake fitowa, saboda haka makirufo ne nasu, babu wata feda da za ta maye gurbinsa. Ka ga kenan duk situdiyon da ke ƙasar Hausa ba ya rabuwa da makirufo, ko don murya.

Akwai wata dabara da nake so kowa ya riƙe, ko wace hanya ya bi. Duk lokacin da za ka ɗauki jita, ka ajiye busasshen sautinta, wato yadda ya fito daga jitar kafin ya shiga komai. In da manhaja kake aiki, dama haka take yi da kanta. In da amfilifaya ne, akwai ɗan akwatin da ake kira DI mai raba sautin gida biyu, ɗaya ya tafi amfilifaya, ɗaya ya tafi kwamfuta. Da ina da wannan a ranar ruwan nan, da kiɗan yaron Tudun Wada bai salwanta ba: makirufo ya ɗauki ruwa, amma busasshen layin ba ya jin komai sai tsirkiya. Daga baya sai in zuba masa amfilifayar manhaja, ko in jira ranar da gari ya yi shiru in mayar da shi cikin amfilifayar gaske in kafa makirufo, shi yana can gida yana barci.

To me na ce wa ƙanena? Na tambaye shi abu uku: ɗakinka kwano ne? Ya ce kwano. Wuta fa? Ya yi dariya. Kana da laftof? Ya ce akwai ta yayansa, tsohuwa, amma tana ɗaukar FL Studio. Na ce to kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun da ka lissafa. Sayi saun-kad mai rami biyu wanda ke da ramin jita, da hedifon mai rufe kunne, da kebul mai kyau guda biyu, da sababbin tsirkiyoyi, don na ga nasa sun yi tsatsa kuma babu na'urar dala dubu da ke gyara tsatsa. Ka sauke manhajar kyauta. In canji ya rage, ka riƙe shi ka fara tarin makirufo. Da a ce ya ce mini wasan biki zai riƙa fita ko kiɗan taro, da amsata ta canza, da na ce ya nemi 'yar amfilifaya mai taransisto da mai gyara zai iya buɗewa. Amma shi naɗa yake so ya yi, a ɗakin kwano, a garin ruwa.

Bai ji daɗi sosai ba, na ji a muryarsa. Yana son abin da zai ɗora a kan babur mutane su gani. Sai na yi masa alkawari guda. Akwai wata tsohuwar amfilifaya a garinsu da ake haya a bukukuwa, ragarta ta yage, an ɗaure hannunta da roba, amma in aka buɗe ta tana wata irin kururuwa da ban taɓa ji a cikin kowace manhaja ba. Neural Amp Modeler tana ba ka wani sautin gwaji na kusan minti 3, ka tura shi cikin amfilifaya, ka naɗi abin da ya fito, kwamfuta ta koyi halinta. Mun yi da shi in rani ya shiga, hanyar Falgore ta bushe, zan ɗauki makirufona da saun-kad in hau Riruwai, mu nemi ɗakin ƙasa, mu roƙi mai ita ya ba mu aronta na awa 2. Ya ce zai yi masa magana ranar kasuwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.